Yadda ake jan tirelar kwana da matsakaiciyar jif

A nan Kumasi in ka ce tirela, atikuleta ce ke zuwa ran kowa, irin masu ɗaukar kaya daga Tema zuwa Paga. Ba ita nake nufi ba. Wadda nake magana ita ce ƙaramin ɗakin nan mai taya, da gado da wurin girki da tankin ruwa a ciki, wanda ƴan'uwanmu na Jamus da Amurka suke sakowa a jirgin ruwa, wasu suna ce mata karaban. Ni da tirelar kaya na fara, kanofi da kujeru da lasifika na biki da maulidi, kafin yayana ya aiko da karaban daga Jamus na koma jan ta zuwa Tamale da Damongo da iyali. To duk abin da zan faɗa a nan ya shafi tirelar kaya ma, don nauyi dai nauyi ne, mota ba ta san me ke ciki ba.

Kayan da za ka tanada

Na farko ƙugiya, wato ƙarfen da ake ɗaurewa a ƙasan bayan mota, da sandar da ke shiga cikinsa, da ƙwallon ƙarfen da bakin tirela ke hawa kai. Sai sarƙa biyu masu ƙarfi, da wayar wuta da soket ɗinta, da na'urar birki in tirelarka mai birkin lantarki ce, da madubin ƙari na gefe saboda tirelar ta fi motar faɗi. Sifiya biyu, ɗaya ta mota ɗaya ta tirela, kuma ka gwada sifanar tayarka a notin tirelar tun a gida don sau da yawa ba girmansu ɗaya ba. Jek mai ƙarfi, weji biyu na katako, abin gwajin iskar taya, giris, fiyus da ƙwan fitila na ajiya, tocila, tirayangul, da tukunyar kashe gobara. Sikelin da ake hawa a banɗaki ma ka nemo, za ka ga amfaninsa a gaba.

Maganar ƙugiya, don Allah kar ka kai motarka wajen mai walda ya narka maka ƙarfe a jikin bamba. Na taɓa gani da idona, ƙugiyar ta fita da rabin bambar a kan tudun rage gudu, Allah ya sa a hankali ake tafiya. Ƙugiya da noti ake ɗaure ta a jikin shasi, a ramukan da kamfani ya riga ya huda. Yawancin motocin da ake kawowa daga Amurka kamar Highlander da Pilot da 4Runner da Explorer suna da waɗannan ramuka, wasu ma da ƙugiyar suke zuwa, mai baki inci 2. In babu, ka zaga Magazin, kasuwar kayan mota da ke Suame, ko Abossey Okai in kana Accra, ka nemi wadda aka ciro daga mota irin taka, ka duba tambarin nauyi a jikinta. Wadda ba ta da tambari ni ba na saye.

1. Ka fara da lissafi kafin ka taɓa sifana

Nan ne kusan kowa yake ruɗuwa, kuma nan ne zan fi daɗewa. Kowace mota tana da iyakar nauyin da za ta ja, yana cikin littafin motar. Highlander ta 2008 zuwa sama mai injin V6 da kayan ja na kamfani tana jan fam 5,000, ka raba da 2.2 ya ba ka wajen kilo 2,270. Pilot ta 2016 zuwa sama mai jan ƙafa huɗu ma fam 5,000 ne, amma mai jan gaba kaɗai 3,500. Kaga suna ɗaya, jiki ɗaya, amma ƙarfi daban, saboda haka kar ka ɗauki maganar wani don motarsa ta yi kama da taka.

To amma wannan lambar ba ita ce ke fara kama ka ba. Buɗe ƙofar direba ka duba takardar da ke manne a jikin ginshiƙi, an rubuta iyakar nauyin mutane da kaya da motar za ta ɗauka a cikinta. Nauyin da wuyan tirela, wato ƙarfen gabanta mai riƙe da bakin, ke dannawa a kan ƙugiya shi ma daga cikin wannan ake cire shi, domin a kan bayan motar yake zaune. Misali a ce an rubuta kilo 600. Kai da hajiya da yara uku da inna, ku ce kilo 350. Jakunkuna da kula da buhun ruwan leda, 80. Ƙugiyar kanta 20. Saura 150. Tirelar Amurka tana son kashi 10 zuwa 15 na nauyinta ya zauna a wuya, to in ta kai kilo 1,500 da kayanta, wuyan zai danna 150 zuwa 225. Shikenan, ka cika ko ka wuce, alhali a takarda ko kusa da 2,270 ba ka je ba. Shi ya sa in mutum ya ce min "ai motata tana jan tan biyu" nake tambayarsa mutum nawa zai ɗauka.

Ita ma tirelar ka duba farantin da ke jikin wuyanta. Akwai nauyinta babu komai, akwai iyakar nauyinta da kaya, da na biyun za ka yi lissafi. Lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce, tanki mai lita 100 daidai yake da buhun siminti biyu, ga tukunyar gas ga batir ga janareto. Ni ba na wuce kashi 80 na abin da kamfani ya ce motar za ta ja, saboda zafinmu da hanyarmu ba irin na inda aka gwada motar ba ne. In kana da sani a kwari, wato wurin fasa dutse, ko wani kamfani mai sikelin manyan motoci, ka roƙa a ɗora maka tirelar da kayanta sau ɗaya, za ka sha mamaki.

2. Ka tabbata ƙwallo da bakin tirela ƴan gida ɗaya ne

Matsalarmu a Ghana ita ce mota daga Amurka, tirela daga Turai. Ƙwallon Turai milimita 50 ne. Na Amurka kala uku ne, inci 1 da 7/8, inci 2, da inci 2 da 5/16. Inci 2 ɗin nan milimita 50.8 ne, da ido ba za ka bambance shi da na 50 ba, amma bakin karaban ɗin Jamus ba zai zauna masa daidai ba, ko ya ƙi kullewa ko ya ciza ya ƙi juyawa. Mafi haɗari shi ne babban baki a kan ƙaramin ƙwallo, zai yi kamar ya kulle, sai ka faɗa rami ya yi tsalle ya fita. Girman yana rubuce a saman ƙwallon da kuma jikin bakin tirelar, ka goge tsatsa ka karanta.

Sai tsayi. A fili mai daidai, in ka haɗa, tirelar ta tsaya a miƙe ko gabanta ya ɗan sunkuya kaɗan. In gabanta ya ɗaga sama za ta yi ta rawa a hanya. Ana samun sanda mai sauka ƙasa ko mai hawa sama, ka auna da tef kafin ka saya.

Ƙwallo ana shafa masa giris kaɗan, sai dai in bakin tirelarka irin na AL-KO ne mai takalmin hana rawa a ciki, wannan a bushe yake so, ko fenti ba ya so. Yaran makanike suna ganin ƙwallo za su lafta masa giris don su burge ka, ka tsaya a kai.

3. Wuta da birki

Soket ma haka, na Turai zagaye ne mai fil 7 ko 13, na Amurka mai 4 a jere ko mai 7 masu faɗi. Kar ka bari mai wuta ya yanke ya haɗa kala da kala kawai. Rawaya hagu, kore dama, fari as (wato wayar da ake ɗaurewa a jikin ƙarfe), waɗannan sun yi daidai a na Turai da na Amurka mai 4 a jere, amma shuɗi a Amurka birkin lantarki ne, a Turai kuma fitilar hazo ce. Sannan tirelar Amurka waya ɗaya ce ke ɗaukar sigina da fitilar birki, ta Turai kowanne da tasa, sai an sa ƙaramin akwatin da ke raba su ko haɗa su. In fitilu suna ƙyaftawa duka tare kamar na gidan biki, kusan kullum as ne bai kama ba, a kankare tsatsa a sake ɗaurewa.

Birki iri biyu ne. Karaban ɗin Turai nata na turi ne, in mota ta rage gudu wuyan tirelar ya danna ciki sai ya ja birkin da kansa, ba ya buƙatar komai daga mota, sai dai ka riƙa sa giris a bututun wuyan kuma a riƙa saita takalman. Ta Amurka tana buƙatar na'urar birki a kusa da sitiyari, in babu ita to tirelar ba ta da birki ko kaɗan duk da an jona soket, mutane da yawa ba su san wannan ba. Wajen saita ta, ka samu hanya marar mutane, ka yi tafiyar kilomita 40 a awa, ka matsa hannun na'urar kaɗai ba tare da taka birkin mota ba. In tayar tirela ta kulle ta ja ƙasa ka rage, in ba ka ji ta riƙe ka ba ka ƙara, har ka tsaya dab da inda za ta kulle. A Turai tirelar da ba ta da birki ba a yarda ta wuce kilo 750 ba, ni ma da wannan nake aiki.

4. Taya, boris, da lafiyar motar

Tirelar da aka kawo daga waje galibi ta yi shekaru a ajiye, tayar za ta yi kyau a ido alhali ta tsufa. A gefen taya akwai lamba huɗu a ƙarshen layin DOT, biyun farko mako, biyun ƙarshe shekara, 2317 na nufin mako na 23 na 2017. In ta wuce shekara biyar ko shida ka canza, kwaltar arewa da rana ba ta wasa da tsohuwar taya. Iska kuma da safe ake aunawa kafin taya ta yi zafi, kuma da abin gwajinka, ba da bugun ƙafa ko ƙiyasin bokanaiza ba. A buɗe boris a wanke a sa sabon giris. In an cire taya an mayar, bayan tafiyar kilomita 80 ka tsaya ka sake ɗaure notin.

Ita kuwa mota, abin da ja ke fara kashewa giyabos ne, musamman otomatik. Ka duba mansa, in ya yi baƙi yana warin ƙuna kar ka tashi. In motar ba ta zo da ƙaramin lagireton sanyaya man giya ba, a Magazin ana sa shi, kuɗinsa bai kai ko kusa da na sabon giyabos ba. Takalman birki, ruwan lagireto, fanka, shokozoba na baya, duk a duba.

Takardu ma kar ka bari sai a shingen ƴan sanda. Ka je DVLA, hukumar lasisi da rajistar motoci, da takardun kwastan na tirelar su gaya maka maganar lamba da ajin lasisin da ya dace da nauyinta, kuma ka sanar da masu inshorarka cewa ja kake yi. Hanyar arewa shinge ne da yawa, kuma karaban abin kallo ce, kowa zai tsayar da kai ko don ya leƙa ciki.

5. Loda kaya

Masu nauyi a ƙasa, a kan gatarin taya ko ɗan gaba da shi, kamar kashi 60 a gaba 40 a baya. Komai a ɗaure. Tafiyata ta biyu na sa janareto da galan huɗu na ruwa a can ƙarshen baya saboda nan ne ƙofa ta fi kusa, muna tsakanin Techiman da Kintampo wata babbar bas ta wuce mu, sai tirelar ta fara kaɗa gindi hagu da dama har motar tana bin ta, hajiya tana salati yara suna kuka. Da muka tsaya hannu ɗaya na sa na ɗaga wuyan tirelar, babu nauyi a kai sam. Mun dawo da kayan gaba, har Tamale ba ta sake motsi ba.

Don haka ka auna wuyan. Ka sa weji a taya, ka ɗora guntun katako a tsaye a kan sikelin banɗaki daidai tsayin ƙwallo, ka sauke bakin tirela a kai. Karaban ɗin Turai wuyanta ba ya da nauyi kamar na Amurka, kashi 5 zuwa 7 ake nema, sikelin zai ɗauka. In ta Amurka ce da ta fi ƙarfin sikelin, ka ajiye bulo da sikeli da tazarar santimita 90, ka gitta katako mai kauri a kansu, ka sauke wuyan a santimita 30 daga bulon, abin da sikeli ya nuna ka ninka sau uku. Kuma kar ya wuce iyakar da aka rubuta a jikin ƙugiya.

In ka haɗa ka ga bayan mota ya zauna gaba ya ɗaga, sitiyari zai yi sako-sako kuma fitilarka za ta riƙa kashe wa na gaba ido. Ga tirelar Amurka akwai ƙugiya mai sanduna biyu da ke mayar da nauyi gaba, amma ka duba littafin motarka ko ya yarda da ita, kuma ba a sa ta da birkin turi. In babu, magani shi ne rage kaya. Mutum kuma ba ya zama cikin tirela ana tafiya, ko yara sun yi magiya.

6. Haɗawa

Kullum tsari ɗaya nake bi, kuma in ina yi ba na amsa gaisuwa mai tsawo, don mantuwa a nan take shiga. Weji a taya. Ka ɗaga wuya da jek ɗin da ke jikinsa ya wuce tsayin ƙwallo, wani ya tsaya inda kake ganinsa a madubi ya jagorance ka, ba tsakanin mota da tirela ba. Ka sauke baki a kan ƙwallo ka kulle ka sa fil, sannan ka sake murɗa jek ɗin sama, in ya kama za ka ga bayan mota yana ɗagawa tare. Sarƙa biyu ka gitta su a ƙarƙashin wuya, ta hagu zuwa dama ta dama zuwa hagu, don in baki ya fita ya faɗa kansu ba ƙasa ba, su yi sako daidai kwana amma kar su ja ƙasa. Siririyar wayar nan ta birkin gaggawa a jikin mota ake maƙala ta daban, ba a jikin sarƙa ba. Jona wuta, ɗage jek har ƙarshe, ɗage ƙafafun kusurwa huɗu, rufe gas, kulle tagogi da murfin sama, saki birkin hannu na tirela, cire weji. Sai wani ya tsaya a baya ka gwada sigina da birki.

7. A kan hanya

Ka fita bayan sallar asuba kafin Suame ta cika, da tirela ba a gasa da turoturo (ƙananan bas na haya) da paragiya (keke mai taya uku) a shataletale. Ni ba na wuce 80 ko hanya ta yi kyau. Tazarar da kake bari da na gabanka ka ninka ta, kwana kuma ka buɗe ta da faɗi saboda tayar tirela tana yankowa ciki, gatocinmu kuma a buɗe suke. Tudun rage gudu na ƙauyuka ka hau shi kamar kana ɗauke da ƙwai, ka jira tayar tirela ta sauka kafin ka taka mai. Obatekin sai ka ga fili mai nisa sosai, in ba haka ba ka zauna a bayan atikuleta ka yi haƙuri. Mai zai sha fiye da yadda ka saba, saboda haka in ka wuce Kintampo kar ka bari tanki ya sauka ƙasa da rabi.

In motarka tana da maɓallin jan tirela ka kunna, in babu ka hana ta shiga giyar ƙarshe in ka ji tana ta canzawa sama da ƙasa. A gangara giyar da ka hau da ita da ita za ka sauka, 2 ko L, ka taka birki da ƙarfi kaɗan ka saki, kar ka ɗora ƙafa ka bar ta har ya yi zafi ya daina kamawa. Gangarar tafkin Bosomtwe da hawan Kwahu daga Nkawkaw ba wurin koyo ba ne, ka bari sai hannunka ya faɗa.

In ta fara rawa, jikinka zai ce ka taka birki ko ka gyara da sitiyari, duka biyun ƙara ta suke yi. Ka riƙe sitiyari a miƙe da hannu biyu, ka ɗage ƙafa daga mai a hankali, in kana da na'urar birki ka matsa hannunta tirelar ta ja kanta ta miƙe. In ta lafa ka sauka gefe ka duba kaya da iskar taya. Duk tsayawa kuma ka kai bayan hannunka kusa da tsakiyar tayar tirela, ɗumi ba komai, amma in ɗaya ta fi ɗaya zafi sosai boris ne ko birki ya kama. Tafiyar dare da tirela ni na daina, ga shanu ga motocin da suka lalace babu fitila, balle lokacin hazon hunturu.

8. Ribas

Ka samu filin makaranta ranar Lahadi, ka jera galan a matsayin ƙofa. Ka sa hannu ɗaya a ƙasan sitiyari, inda kake so gindin tirela ya je can za ka kai hannun. Kaɗan-kaɗan, a hankali sosai. In ta fara lanƙwashewa da yawa kar ka yi gardama da ita, ka ja gaba ka miƙe ka sake, in ka matsa wuyan zai daki bamba. Mai nuna maka hanya mutum ɗaya ya isa, a lungunan Aboabo in ka fara ribas mutum goma za su taru kowa yana "zo, zo" da "yanke", ka zaɓi ɗaya tun farko ka ce nasa kaɗai za ka ji.

9. Saukewa

In ka isa ka nemi ƙasa mai tauri, ka daidaita gefe da gefe da katako a ƙarƙashin taya tun tana haɗe da mota. Weji kafin komai, sai birkin hannu, sannan ka cire wuta, ka buɗe baki ka ɗaga jek har ƙwallo ya fita, sarƙa ce ta ƙarshe. Ka daidaita gaba da baya da jek ɗin wuya, in ba ka da abin awo ka zuba ruwa a faranti ka ajiye a ƙasan ɗakin ka ga inda ya karkata. Ƙafafun kusurwa na hana girgiza ne kawai, ba a ɗaga tirela da su, ka sa musu guntun katako a ƙasa musamman da damina don kar su nutse. In za ka bar ta ka shiga gandun dajin Mole ko masallacin Larabanga da mota kaɗai, ka sa kwaɗo a bakin, ka rufe murfin sama da tagogi, abinci kuma kar ka bar shi a waje, birai a wajen ba sa jin tsoron mutum.